Ba A Ce Wa Baƙo Ya Ƙare

Sirajo ya dire randar kunu ta biyu a rumfar Inno, ya goge hannu a jikin wando, ya sake duba waya. Jakarsa tana tasha tun safe, an riƙe masa kujera a motar Legas da za ta tashi bayan la'asar. Tela ne, kuma ya daɗe yana cewa a Jega babu abin da ke motsi sai buhunan albasa.

"Aje wayar nan ka riƙa min ludayi," in ji Inno, yayar mahaifiyarsa. "Legas ba ta gudu."

Matasan gari ne suka shirya bikin abin sha a filin makarantar firamare, suka gayyato mutanen Aliero da Maiyama. Zoɓo, tsamiya, kunun aya, fura da nono, kowa da rumfarsa. Sirajo ya zaci 'yan unguwa kaɗai za su leƙo. Kafin azahar sai ga motoci daga Birnin Kebbi da Sakkwato, ga ɗaliban jami'a suna ɗaukar hoto da kofuna a hannu.

Inno ta tafi salla ta bar shi da layi. Ba a jima ba ludayi ya fara kartar gindin randa, ga mutane tsaye cikin rana. Ya buɗe baki zai ba su haƙuri, sai Zinatu, 'yar Karaye ta Maiyama mai rumfar kusa, ta tare shi.

"Mi za ka ce musu? Ya ƙare? A rumfar Inno? Kai ba ɗan garin ga ba ne?"

Kafin ya amsa ta juye masa rabin ruwan dabinonta a cikin randar. Wata mai nono daga Dangamaji ta miƙo ƙwarya. Wani dattijo ya kawo zuma a kwalba, wata ta daka citta. Balarabe, mai zoɓo daga Aliero, ya taho yana ɗaga ƙatuwar albasa.

"Ga tawa gudunmawar."

"Kai ta tukunyar miya, Malam," in ji Zinatu. "Ku dai Aliero, ko shayi aka ba ku sai kun nemi albasa."

Layi ya kwashe da dariya. Sirajo ya juya haɗin, ya zuba wa matar da ke gaba, wata Bayarabiya mai fataucin albasa. Ta kurɓa, ta tsaya, ta shanye, ta miƙo kofi.

"Ƙara min. Na daɗe ina zuwa kasuwarku, ban taɓa shan wannan ba. Daga ina kuke kawo shi?"

Sirajo ya dubi Zinatu, ya dubi mai nono da ta riga ta koma kan cinikinta.

"Ba kawo shi ake ba, Hajiya," ya ce. "Na nan ne. Haka muke yi a Jega."

Shi kansa ya yi mamakin yadda muryarsa ta fita da ƙarfi.

Inno ta dawo tana gyara mayafi. Ta leƙa randar, ta ɗebo, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska.

"Wa ya lalata min kunu?"

Ta sake kurɓa, a hankali wannan karon.

"Ƙara citta," ta ce, ta ja kujera ta zauna.

Ana kiran la'asar wayarsa ta yi ƙara. Direba ne, yana cewa mota ta cika, shi kaɗai ake jira. Sirajo ya maƙale wayar a kafaɗa, hannunsa na kan ludayi. Layin ya kai har bakin ƙofar makaranta, yana jin wani ɗalibi yana faɗa wa abokinsa a waya, "Ka zo rumfar 'yan Jega."

"Ka ba wani kujerar," Sirajo ya ce. "Jakata a bar ta wurin mai shayi, zan ɗauka."

Inno ta yi kamar ba ta ji ba. Ta dai ture masa kofuna kusa da hannunsa.