Ki Ƙifta Ido, Mama

Tae-ung ya sake zagaya tsakar gidan mahaifiyarsa, ya zaro waya, ya duba, ya mayar aljihu. Bai kai bakin ƙofa ba ya sake zaro ta.

"Baban Da-on, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa Hye-ran. Tana tsugune gaban ƙatuwar roba, da safar hannu har gwiwa, tana cusa jan barkono tsakanin ganyen kabeji. Sun zo garin Tongyeong ne taya tsohuwa haɗa kimci, kabejin nan mai yaji da ake adanawa don hunturu, kamar kowace shekara.

"Iska nake sha."

"A cikin waya iskar take?"

Ya mayar da wayar aljihu. Ita ma ta san babu abin da zai samu a ciki. Da damina, bayan cacar waya ta cinye motar da yake kai kaya da ita, ya durƙusa gabanta ya nuna mata wani maɓalli a shafin gidan cacar, wanda mutum ke kulle kansa da kansa. "Shi ya sa ma na zaɓe su, suna da tausayi," ya ce. Ya danna tana kallo. Sunansa da katinsa da fuskarsa ba za su ƙara shiga ba sai bayan shekara. Ranar har kukan murna ta yi.

Amma tun daga nan mijinta bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ƙafa na rawa, babban yatsa na shafar teburi kamar yana neman wani abu.

* * *

Ta kai wa maƙwabciya nata kason kimcin ta dawo, sai ta jiyo muryarsa daga ɗakin tsohuwa, a tausashe, irin yadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Mama, kalli nan. Yauwa. Ki ƙifta ido. Juya kai hagu, a hankali."

"Ja'iri, ka bari in sa rigar kirki mana! Haka za ka ɗauke ni hoto ina ƙarnin kawar teku?"

"Kin yi kyau a haka. Sake ƙiftawa."

Hye-ran ta leƙa. Tsohuwa ta taje farin gashinta, ta miƙe baya, tana murmushi da iya haƙoran da suka rage mata. Katinta na shaida na ajiye kusa da gwiwar ɗanta. Wayar ta yi ɗan kiɗan maraba na shafin gidan cacar.

Hye-ran ta ja shi bayan gida, wajen tulunan miya.

"Da fuskar uwarka?"

"Rage murya. Na sa wa kuɗin iyaka, ba zan wuce ta ba. Su da kansu suka tambaye ni."

"Wancan karon ma iyaka ka sa! Asusun fanshonta ka haɗa, ko? Dube ni, Baban Da-on."

Ya dubi tulu. "Zan mayar kafin ta lura."

"Yanzu zan je in faɗa mata."

"Je ki. Faɗa mata autanta ɗan caca ne, ki ga ko zuciyar nan tata za ta ɗauka."

* * *

Aka shimfiɗa abincin rana: dafaffen nama, ɗanyar kawa da aka ɓare daga ƙwansonta, sabon kimci. Hye-ran ta ɗauki cokali ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta dubi tsohuwa.

"Mama, wannan hoton da ya ɗauke ki…"

"Kin gani ko?" Fuskar tsohuwa ta washe. "Tun rasuwar ubansa ba wanda ya ce in tsaya a ɗauke ni. Ki matsa masa ya wanko mini babba, 'yar nan. Ran da na tafi, shi za ku kafa a wajen makoki mutane su zo gaisuwa. Ba na son wancan tsohon hoton, na ɓata rai a ciki."

Hye-ran ta ajiye cokalin. "To, Mama."

Tae-ung bai ji su ba. Hannayensa biyu na ƙarƙashin teburi, kansa a sunkuye, shinkafarsa tana hucewa.

"Aiki ko a wajen cin abinci," in ji tsohuwa. "Haka ubansa yake."

Ta naɗe yankan nama cikin ganyen kimci, ta ɗora kawa mafi girma a kai, ta kai bakinsa tana tare romon da tafinta. Ya buɗe baki ya karɓa, bai ɗago ido ba.