Katakon Alhaji Maikano a Kogin Wudil

A shekarar Udoji, da kuɗi suka zubo wa ma'aikata, Halliru akawu ne a ofishin gona na Wudil. Cikin wata shida ya koyi hanyar Sabon Gari, cikin shekara biyu giya ta raba shi da aikin. Yayansa Alhaji Maikano, ɗan kwangilar siminti, ya ce shi ba shi da ƙane mashayi, ya hana shi shiga gidansa. Babbar yayarsu Indo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a Lajawa, ita ta zo ta ɗauke shi daga rumfar tasha. Ita ta wanke amansa, ita ta zauna a kansa kwana tara yana karkarwa yana zagin bango. Ya yi wata biyar bai sha ba.

Sai Alhaji ya dawo daga Turai. Sayen injin buga bulo ya kai shi, aka hau da shi wani dutse mai dusar ƙanƙara inda Turawa ke ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa suna sulalowa. Ya sulalo sau ɗaya, aka ɗauke shi hoto, ya sayo katakon. Da aka tuna masa ba ƙanƙara a Wudil, ya ce ai ya ga ana yi a kan ruwa ma, jirgi na jan mutum da igiya. Ya sa ranar Lahadi, ya ce iyali duka za su fita shan iska bakin kogi, har da Halliru.

"Ina so mutane su ga yadda na gyara yaron nan," ya ce wa Indo.

Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar, mata da yara suka shimfiɗa tabarma a gindin bishiya. Abokan Alhaji suka iso daga Kano a marsandi biyu, da ƙatuwar kular sanyaya lemo. Alhaji ya fito da gajeren wando, tumbi a gaba, ya kamo hannun Halliru ya kai shi gabansu.

"Wannan ne na ba ku labari. Da a kwata yake kwana. Ku dube shi yanzu."

Ɗaya daga cikinsu, Dabo, ya buɗe kula. A ƙarƙashin lemon da aka jera a sama, korayen kwalabe ne cikin ƙanƙara.

"Na baƙi ne," in ji Alhaji.

Dabo ya fasa ɗaya ya miƙa wa Halliru yana dariya. "In dai ya warke, ai ba zai karɓa ba."

"Miƙa masa mu gani," in ji Alhaji.

Halliru ya tsaya yana kallon raɓar da ke gangarowa a jikin kwalbar. Ya juya ya nufi tabarmar mata, ya durƙusa kusa da Indo.

"Yaya, ba ni wani abu in riƙe."

Ta tura masa ƙwaryar gyaɗa. "Ɓare mini. Ka ba su baya."

Ya zauna yana ɓara, rabi na zubewa a yashi. Can ya ce, "Na so in karɓa, Yaya."

"Na gani. Ci gaba da ɓara."

A bakin ruwa kuwa an ɗaura wa Alhaji katakonsa. Wani masunci da aka yi hayar kwalekwalensa mai inji ya gaya masa ruwan rani ne, bai kai ƙirji ba, kuma injin ba shi da wani ƙarfi. Alhaji ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Turai. Aka ja igiya. Katakon ya nutse nan take, Alhaji ya kifa, kuma da yake bai yi dabarar sakin igiyar ba, aka ja shi rub da ciki cikin laka har kusa da gada. Ya miƙe ruwa iya cibiya, yana tofar da yashi, katako ɗaya ya bi ruwa. Abokan da ya gayyato suka fi kowa dariya.

Indo ta naɗe tabarmarta tun ba a raba abinci ba. Da suka zo wucewa, Alhaji yana goge laka da tawul, ya ce, "Yaya, ina za ku? Ban gama da shi ba."

"Yaushe ka fara?" in ji ta.

Suka hau motar kasuwa zuwa Lajawa.

Da damina Halliru ya zame ya koma wa giya sau ɗaya, ya kwana biyu a Kano. Indo ta bi shi ta dawo da shi, ba ta gaya wa kowa ba. Daga nan bai sake ba. Ya kama noman rani a gonarta, bayan shekara uku ya yi aure a Kausani. Ranar ɗaurin auren, Alhaji ya zo a makare, ya karɓi lasifika, ya yi wa jama'a doguwar nasiha a kan haƙuri da 'yan'uwa.