Baba Ya Wanke Soso

Baba ya matse soson a ƙarƙashin famfon banɗaki har ruwan da ke fita ya daina yin ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga shi ya duba da kyau. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo ba ya ganin datti a cikin inji ya wuce. Ya lallaɓa falo, ya mayar da soson cikin matacin ruwa na akwatin kifi kafin ɗansa ya fito.

Akwatin gilashin ya kusa cinye bango guda: duwatsu, fitila mai shuɗi, kumfa na tashi. A duk wannan daula kifi ɗaya ne tal, wani tsohon jan kifi mai guntun bindi. Marigayiya matar Baba ce ta saye shi, ita ta sa masa suna Kawu, wai kullum fuskarsa a ɗaure take kamar an hana shi gado. Da Baba ya rufe shago ya dawo gidan ɗansa, kayansa akwati ɗaya ne da Kawu a tsohuwar kwalba. Da shi yake hira, don mutanen gidan kowa da wayarsa.

Ɗan nasa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya ce a mayar da Kawu sabon akwatin, ya ɗanɗana arziki. Baba ya ji daɗi har ya kira ƙanwarsa ya ba ta labari. Amma tun shigarsa Kawu ya daina cin abinci. Yana maƙale a saman ruwa yana haki, gefen wuyansa ya yi jajir. Baba ya ce datti ne, shi ya sa kullum da safe yake wanke soso a ɓoye.

Da hantsi mai shagon kifi ya zo duba ruwa, wani gajere mai yawan dariya. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan ya koma kore shar. Injiniya ya ja tsaki, ya ce makonni ke nan ana yi masa alkawarin zai koma rawaya, alamar ruwa ya yi kyau, ga kifayen da ya yi oda suna zaune a shago, ga abokai na ta tambaya.

Mai shago ya bayyana, yana kallon Injiniya shi kaɗai, cewa kashin kifi shi ke zama amoniya, guba mai ƙona hanyar numfashi. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke zama a cikin soso su cinye ta, kuma sai sun yi yawa ruwa yake nuna, wato ya dace da zaman kifi. Shi ya sa ake fara jefa kifin da ba a damu da shi ba, ya yi ta kashi yana shan wahala, kafin a kawo na kirki.

Baba ya juya ya kalli ɗansa. Injiniya ya duƙufa a kan wayarsa.

"Ka san da haka ka ce a sa shi a ciki?"

"Baba, kifi ne fa. Kuma an ce irinsu suna jurewa."

Mai shago ya buɗe mataci ya zaro soson. Dariyarsa ta ɗauke. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaya wa ya taɓa wannan. Baba bai taɓa musun aikin hannunsa ba, ya ce shi ne, da ruwan famfo, kullum.

Sai dariyar ta dawo, har da riƙe ciki. Ya ce maganin da ke cikin ruwan famfo yana kashe halittun nan kaf. Duk abin da ya tsiro jiya, Baba ya wanke shi yau. Da an bar soson da dattinsa, da tuni ruwa ya nuna, kifin ya huta.

Injiniya ya ajiye waya. A fuskarsa babu fushi, sauƙi ne ya bayyana, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"To ka ji, Baba. Ni dai sa shi kawai na yi."

Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe Baba. Ya ja kujera gaban gilashin ya zauna, su kuma suka koma kan tebur suna shan shayi suna duba hotunan sababbin kifaye. Bai taɓa abincin rana ba. Yana kallo Kawu ya kwanta a gefe ɗaya, ya yunƙura ya miƙe, ya sake kwantawa. Mai shago na sa takalmi lokacin da bakin kifin ya daina motsi.

Baba ya naɗe hannun riga zai ciro gawar Kawu. Mai shago ya ce a dakata. In ya ruɓe a ciki zai ba da amoniya daidai yadda ake so, ba sai an nemo wani ba. A bar shi ya ɗan kwana biyu.

Injiniya ya riƙe hannun mahaifinsa a hankali, ya sauke masa hannun rigar, har ya ɓalla masa maɓalli. Sannan ya rufe murfin akwatin.

"Don Allah, Baba, wannan karon kada ka taɓa komai."