Makulli na Uku

Kwana uku motar Hedimasta ta yi a gareji. Ruwa ya lalata ƙwaƙwalwarta an sa sabuwa, amma da aka murɗa makulli sai ta yi gum. Wata 'yar fitila ja ce kawai ke ƙiftawa a gaban sitiyari.

"Baba, ba ta gane ka ba," in ji mai gyaran wayarin motar. "Sabuwar ƙwaƙwalwar ɗauka take ɓarawo ne ya shigo."

"Ni? Shekara goma sha ɗaya ina zuba mata mai!"

"Zan gabatar da ku. Amma sai an kawo duk makullanta a zama ɗaya. Wanda ba ya nan lokacin da na rufe, ta manta da shi ke nan, ba zai ƙara tayar da ita ba."

Hedimasta ya ajiye makulli biyu a kan bonet.

"Su ke nan?"

Ba su ke nan ba. Na ukun yana hannun babban ɗansa, wanda ya ajiye aikin ofis ya kama sana'ar kafinta. A ranar, Hedimasta ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa, shi kuma ɗan, da yake kansu iri ɗaya ne, bai ƙara ba. Wata bakwai ke nan. Kewarsa na cin tsohon, amma mutumin da ya shekara talatin ana miƙewa idan ya shiga aji bai iya ba da haƙuri ba.

"Rufe kawai," ya ce.

Mai wayarin ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari. Makulli na farko ya shiga, na biyu ya shiga. Hedimasta ya hango a ransa ɗan nasa wata rana yana murɗa makulli, motar da ya koyi tuƙi da ita tana ɗaukarsa ɓarawo. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata."

Ya koma gefe ya ciro waya. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba? Lafiya?"

"Motar ce ke nemanka. Idan ba ka jefar da makullin ba."

"Yana aljihuna, Baba."

Ba a yi rabin awa ba ya iso, garin katako har a girarsa. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, tsohon ya amsa yana kallon taya.

Mai wayarin ba yaro ba ne, ya ga abin da ke nan. Ya ce ɗan ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli rabi, ya jira minti goma har fitilar ta mutu. "Baba, kai ma shiga ka sa mata ido. Ni zan duba wata mota."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, fitila na ƙiftawa. Hedimasta ya saci kallon hannun ɗansa, duk kanta da tabon yanka.

"Sana'ar tana tafiya?"

"Tana tafiya, Baba."

"Ka rame."

"Kai ma."

Fitilar ta mutu. Ɗan ya ƙarasa murɗawa, mota ta tashi. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa ya ba mahaifinsa wuri, tsohon ya riƙe masa hannun.

"Kai ni gida," ya ce. "Kuma ba a ƙofa za ka tsaya ba."