Yardar Mai Wankan Gawa

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba Ticha Tetteh, mutumin kudu mai koyar da kimiyya a Tamale, ya jingine kekensa a ƙofar Malam Zubeiru, mai wankan gawa na unguwar Aboabo. Albishir ya kawo: sabuwar makarantar likitoci da ke Ankara, babban birnin ƙasar, ta ɗauki Tahidu, ɗan Malam Zubeiru. Yaron ya ci duk jarrabawar da ake nema. Yardar uba kawai ta rage.

Zubeiru ya san dalilin ɗansa. Ciwon daji ne ya cinye Azeta, uwar yaron, a kan idonsu, kuma tun ranar Tahidu yake cewa sai ya gano abin da ke kawo shi.

Sai dai Ticha, da yake bakinsa ba ya riƙe zance, ya ƙara da cewa, "Baba, shekara na farko gawa ne za su yanka, su ga ciki."

"Gawan wa?"

"Wanda ba shi da dangi."

"Ya kwana nawa ba a binne ba?"

"Watanni, Baba. Akwai magani na hana ruɓewa."

Zubeiru bai taɓa bari mamaci ya kai faɗuwar rana a hannunsa ba. Ya so ya ce a'a, kuma ya san in ya faɗa, Tahidu zai sunkuyar da kai ya zauna har abada. Wannan biyayyar ce ta fi ba shi tsoro.

Bayan la'asar ya kira yaron ɗaki, ya ce ya kwanta a tabarma. Ya lulluɓe shi da farin ƙyalle, ya nuna masa yadda hannu ke bi ta ƙarƙashin mayafi ba tare da ido ya bi shi ba, da yadda ake juya mutum a hankali kamar zai ji zafi. Ya daɗe yana tanadin wannan darasi don ya sami mai wanke shi ranar tasa. Yanzu ga shi yana bayar da shi saboda baƙin da bai sani ba, kuma abin ya yi masa ciwo.

Ya yaye ƙyallen, ya ninke, ya ɗora a ƙirjin Tahidu.

"Ka je," ya ce. "In kun gama na ranar, ka rufe su."