Tsagar Wuƙa a Kunnen Saniya

Ni na yi wa shanun yankinmu allurar rigakafin ciwon huhu, ni kuma aka zaga da shanu suka fara mutuwa.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk saniyar da aka yi wa allura sai a tsage mata gefen kunne da almakashi, don kada a maimaita. Garken Babana na bari ƙarshe. Da na isa, na tarar da shanu masu ciki duk an tsage musu kunne.

"Abokin aikinki ya yi musu tun da safe," in ji Baba.

Na wuce su ban tambaya ba.

Da ciwon ya shigo, a garkenmu ya sauka. Masu cikin nan suka riƙa tari, suna miƙe wuya, kumfa na zuba daga hanci. Ɗaya bayan ɗaya aka ja su zuwa rami.

"To, Likita," in ji Kawu a gaban jama'a, "ruwan randa kika ɗura musu? Da karatun nan naki, gara an saya mana buhun dusa."

Aka yi dariya. Ban sunkuyar da kai ba. Na durƙusa gaban wadda ta mutu da safen, na kama kunnenta. Almakashinmu tsaga mai baki biyu yake yi. Wannan yanka ɗaya ne, a karkace, irin na wuƙar da Baba ke ratayawa a ƙugu.

Na same shi a bayan garke.

"Baba, kai ka tsaga su."

Ya ce, "An ce allura na zubar da ciki. Na ji tsoro."

"Ka faɗa musu. In ba haka ba, babu mai sake kawo min ko maraƙi, ciwon kuma bai tafi ba."

"Da furfurata?"

Na koma na yanke kunnen mushen, na naɗe a leda, na sa a jakar aiki. Ban nuna wa kowa ba.

Ranar zagaye na biyu na allurar, na kafa akwatin ƙanƙarar ajiye magani a ƙarƙashin bishiya. Ba wanda ya zo. Mata na wucewa suna nuna ni da baki. Ƙanƙarar ta fara narkewa, ban tashi ba.

Rana ta karkata sai ga Baba, yana jan karsana ɗaya mai tsagaggen kunne, ita kaɗai ta rage a masu cikin nan. Kawu ya biyo shi yana cewa, "Yaya, ai wannan an yi mata."

Baba bai waiwaya ba. Ya riƙe mata ƙaho, ya ce, "Ba a yi ba. Soka."

Tana tari tun kafin in zare allurar.