Gashin Zabo a Kan Jan Ruwa

Baba Jatau ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya girgiza ta. Ruwan ciki ja ne kamar kunun dawa.

"Bai kwanta ba," in ji shi. "Gobe ka koma, Lawwali."

Na karɓi kwalbar. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Bungudu. Tun da na gama sakandare ba ni da wani aiki sai kabu-kabu da babur ɗin yayana, shi ya sa aiken ya faɗo kaina: kullum da safe in gangara rafi in ɗebo masa ruwa ya duba.

Baba ba ya kamun kifi da tana. In ruwan farko ya sauka, shinge masu fiffike suka fito suna faɗawa rafi, kifin nan ƙawara takan taso sama ta cafe su. Shi kuma sai ya ɗaura gashin zabo a ƙugiya da baƙin zare, ya yi kama da shinge, ya ajiye shi a kan ruwa. Amma sai laka ta kwanta tukuna. A jan ruwa kifi ba ya ganin gashin, kuma Baba bai taɓa jefawa a jan ruwa ba. Ya ce yin haka raina kifi ne.

Bana ciwo ya kayar da shi. Asibiti suka sallamo shi, suka ce a yi ta addu'a. Abu ɗaya yake so: ya jefa gashinsa a ruwan bana.

Kulu, ɗiyarsa, ta tare ni a zaure.

"Tun jiya ko kunu bai sha ba. Ruwan ga yaushe za shi kwanta?"

"Sai sama ta ɗauke. Ga hadari can kuma yana haɗuwa wajen Gusau."

Ta miƙo hannu. "Ba ni kwalbar."

Ta ɓoye ta bayan randa. Da gari ya waye laka ta taru a ƙasa, ta tsiyaye na saman a wata kwalba.

"Ruwan rafi ne dai, ban yi ƙarya ba. Kai za ka kai mashi."

"In ya tambaye ni fa?"

"Kai da ba ka magana? Yau shirunka ya yi rana."

Baba ya daɗe yana kallon kwalbar. Haske ya ratsa ta, ya zauna a kumatunsa yana rawa.

"Ɗauko gorata ta kamun kihi," in ji shi.

Kulu ta ɗaure shi a bayana da zane a kan babur, ta hau bayansa riƙe da gorar. Nauyinsa bai kai na buhun dusa ba. Muka wuce masu kaifafa garma a bakin kasuwa, muka bi ta gonakin da aka fara shuka. Ƙasa tana ƙamshi.

Rafin yana nan ja wur, yana tafe da kara da kumfa. Baba ya dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Kwalbarku ta hi rafin ga hankali," ya ce. Dariya ta so fitowa, tari ya tare ta.

"Baba, mu koma?" in ji Kulu.

"Kin kwaso ni har nan in koma? Zaunar da ni, 'yar wayo."

Muka jingina shi da gindin wata kanya. Hannunsa ya kasa ɗaga gorar, sai na kama wuyan hannun muka ɗaga tare. Zaren ya tashi a hankali, ya lanƙwasa, gashin ya sauka bai ko motsa ruwan ba. Ya fara zagayawa a inda ruwa ke juyawa.

"Suna nan ƙasa," in ji Baba, muryarsa kamar ta mai barci. "Da muna yara, ni da wana Isah, har tsakuwa muke gani cikin ruwan ga. Kihi shi taso shi dube ka ido da ido. Isah, ka gani?"

"Na gani, Baba," na ce.

Sai ga wani ɗan zobe ya buɗe a ruwan, kusa da gashin. Wani ya biyo. Wani kuma can gaba.

"Sun taso," in ji shi. "A jan ruwa ma. Ashe suna gani."

Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a wuya, mai sanyi. Yayyafi ne ya fara. Na dubi Kulu. Ta lulluɓe kan Baba da gefen mayafinta, muka bar shi a kan cewa kifi ne. Ya yi ta kallon zobban suna yawa har suka cika rafin.

A hanyar komawa, wajen gonakin, kansa ya sauko a kafaɗata. Na ji ɗumin numfashinsa a wuyana, sai na daina ji. A bayana Kulu ta fara salati ƙasa-ƙasa, hannayenta suka zagayo mu duka biyu.

"Lawwali," ta ce, "bi a hankali."

Na rage gudu. Yayyafi yana sauka a kan hanya, ina kauce wa kowane rami.